Ƙasar da Muka Tankaɗe

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ya aiki, ya kuma gwiwar nan taka da Inna ta ce tana yi maka tsiya in sanyi ya sauka? Mu nan lafiya lau, sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Na san za ka juya takardar nan kana cewa wace ce kuma wannan. Ni ce 'yar Yayarka, telar nan, wadda ka taɓa saɓawa a wuya ta jiƙa maka riga. Inna ta zaunar da ni ta warware mini zumuncin, wai kakata da mahaifiyarka 'yar wa da 'yar ƙani ne. Kaina ya ɗaure tun kafin ta kai ƙarshe, ni dai Kawu na sani. Na buga lambarka har na gaji, sai ta ce inda kuke waya ba ta kamawa, sai dai takarda ta hannun direban da ke kai muku kayan abinci.

Mun tare a gidanmu na kanmu, can bakin gari. Ɗaki biyu ne da ɗan shagon da na kafa kekena. Tsakar gidan a da rami ce, ruwa ɗaya za a yi ka ji kwaɗi sun kafa kasuwa a ƙofar ɗaki. Maigidan kuwa direban tifa ne, sai ya samo wata jar ƙasa mai laushi, kyauta, ya yi ta jibgo mana lodi bayan lodi har ramin ya cike. Ka ga yadda yake tsayawa yana kallonta, hannu a ƙugu, ka ce filin jirgi ya gina. Na shuka alayyafo da tumatir a gefe.

Jikarka Tsigi ta kusa shekara biyu. Wuni take yi a ƙasar nan, ta haƙa, ta kai baki. Ita ce ma abin da ba a rasa ɗin ba. Kwanan nan cikinta ya ɗaure, ba ta son abinci, ga rigima ba dalili, ta rungume ciki ta yi ta kuka. Inna ta ce haƙori ne. Ni dai ban taɓa ganin haƙorin da ke sa yaro ya yi fari fat haka ba, amma wa ya isa ya musa wa Inna?

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Aikin tifa ya ja baya a nan. An ce kamfaninku na kwasar ƙasa, kuma inda ake kwasar ƙasa ai ba a rasa tifa. Maigidan kunya ba za ta bar shi ya tambaya ba, ni kuwa ba ni da ita a wajen kawuna. Wane irin aiki kuke yi takamaimai? Inna ta ce wai wanke ƙasa kuke yi, na yi dariya har na soke yatsa da allura.

'Yarka,
Tela

*

'Yata Tela,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, ta kuma faranta mini rai. Ina lafiya, gwiwa kuwa tana nan tana mulkinta. Rigar da kika ɓata ban yafe ba, tunda kin zama tela sai ki ɗinka mini wata. Ki gaida Yaya, ki ce mata ba ta yi ƙarya ba, ƙasa muke wankewa.

Inda muke tsohon filin koyon harbi ne. Shekara da shekaru masu gadi da mafarauta suna zuwa suna ɓarin wuta a kan allo, bayan allon kuma akwai dogon tudun ƙasa da aka tara don ya tare harsashi. Duk harsashin da aka harba yana cikin tudun nan, kuma cikinsa dalma ce. Dalma guba ce, 'yata. Ruwa ya dake ta, rana ta dake ta, sai ta riƙa ruɓewa tana bin ƙasa, ta shiga rijiya, ta shiga cikin tsuntsu da dabba. Babba ma tana taɓa shi, yaro kuwa ta fi yi masa mugunta. Yanzu gidaje ake son yi a wurin, shi ne aka kira mu.

Katafila ce ke yankar tudun, ta zuba a wani inji mai rariya, faɗinta ya kai ɗakinki. Injin ya yi ta girgiza, ƙasa ta zube, harsasai su tsaya a sama, daidai yadda kuke tankaɗe gari ku fid da tsaki. Mu cika durom da su a kai wa masu narkarwa. Ni kuwa da tsufa ya zo, sai aka danƙa mini tiyo. Daga safe har yamma ina tsaye cikin takunkumi da farar riga ina ba ƙasa ruwa, lambun da ba ganye ba fure. Yaran nan har suna suka sa mini, wai Mai Lambu. Akwai sauran matakai, na Injiniyarmu, amma direba na ta danna mini hon a waje.

Maganar maigidanki zan yi wa shugabanmu. Ana ɗaukar direbobi, sai dai sai an koya musu rufe lodi da wanke taya. Tsigi kuma ki kai ta asibiti. Yaya ta iya raino, amma ba likita ba ce, kada ki gaya mata na faɗa.

Kawunki,
Mai Lambu

Af, har na ninke takarda. Jar ƙasar nan ta kyauta, a ina ya samo ta? Ki tambaye shi. Aiki ne ya sa ni zargin kowace ƙasa.

*

Kawu,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan gwiwa ta sassauta. Inna na gaishe ka, ta ce ashe bakinka bai mutu ba har yanzu. Mu lafiya, Tsigi ce dai jiya i yau.

Layin ƙarshen nan naka sai da ya sa gabana ya faɗi. Maigidan na shigowa na tare shi tun bai cire takalmi ba. Ya ce bayan inda ake fasa dutse akwai wani tsohon fili da aka kewaye da waya, da dogon tudu a ƙarshensa. Mai gadin wurin ne ya ce su kwasa, ai rage masa aiki suka yi. Na ce filin mene ne? Ya sosa ƙeya ya ce a da harbi ake koya a wurin.

Na fita na damƙi ƙasa na murza a tafin hannu. Ga harsasai nan, ƙanana, toka-toka, wasu a lanƙwashe wasu a baje, da nauyin da ya fi girmansu. Ashe Tsigi har gwangwani ta cika da su a bayan ƙofa. Na kama ta da ɗaya a baki tana tsotsa kamar alewa. Na sa yatsa na zaƙulo shi.

Amma ka kwantar da hankalinka, mun yi maganin abin. Na karanta masa takardarka, ya ce in dai rariya ce ai ba sai an kira katafila ba. Ya samo katako da ragar taga ya haɗa babba, ya rataye ta. Da farko ƙasar da danshi, sai ta riƙa dunƙulewa tana toshe raga. Na ce masa kai ma dai, wa ya taɓa tankaɗe jiƙaƙƙen gari? Muka baza ta a rana ta bushe ƙamas, sannan aiki ya tafi. Shi yana zubawa da shebur, ni ina girgizawa, lungunan kuma na bi su da rariyata ta kicin.

Ƙura kam mun sha ta. Ta shiga ɗaki, ta hau gado, ta hau keke da ɗinkin mutane. Tsigi ta ƙi zama a ciki, tana ƙarƙashin raga tana tara hannu, ta fito ja wur har gashin ido. Da ka gan ta da ka yi dariya. Mun tara bokiti guda na harsashi, mu biyu muka kasa ɗaga shi, sai jansa muka yi. Ƙasar kuma mun mayar mun baje, ta yi laushi kamar hoda, ko tsakuwa ɗaya babu.

Ka ga 'yarka ta gaje ka, ba inji ba tiyo. Asibiti ban samu zuwa ba saboda aikin nan, amma mai kemis ya ba ta maganin sakin ciki. Tunda an fid da gubar ina sa ran za ta warware. Shi ke nan, ko akwai saura?

'Yarka,
Tela

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Allah ya sa lafiya ce ta sa ka yi shiru. Na yi ta zarya tasha wajen masu kayan abincinku har sun gane ni, kullum amsa ɗaya, babu saƙo. In maganar neman aikin nan ce ta yi maka nauyi, a bar ta don Allah. In kuma wasan da na yi ne na cewa na gaje ka, ka yi haƙuri, bakina ne ba shi da linzami.

Ba na jin daɗin yarinyar nan. Rigimar ma ta daina, kuma wallahi gara rigimar. Sai ta zauna a bakin ƙofa ta zuba wa bango ido. A da tana cewa Baba, tana cewa ruwa, tana cewa tifa in ta ji ƙarar mota. Yanzu sai nuni da yatsa. Tafiyar da ta iya har da gudu, yanzu taku kaɗan sai ta tuntsure, ba abin da ta yi tuntuɓe da shi. Jiya ta yi amai bayan ta sha madara. Inna ta daina cewa haƙori, ta koma cewa bakin mutane ne saboda sabon gida.

Ni abin da ya ɗaure mini kai, mun cire harsasan nan kaf, to me ya rage? Kullum ina cikin shara, ƙurar ba ta ƙarewa.

Wani abu kuma. Maigidan ya haɗu da mai ƙera wa masunta dalmar taru, ya ce zai karɓa in an narkar an zuba ta dunƙule-dunƙule. Ya samo tsohuwar tukunya da gawayi, ya ce ranar hutunsa zai hura wuta a tsakar gida ya gama da bokitin. Wai ai kai ma ka rubuta cewa masu narkarwa kuke kai wa. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Ko layi biyu ne ka rubuto, Kawu.

'Yarka

*

'Yata,

Salamu alaikum. Ina lafiya, sauran gaisuwa ta jira. Ruwa ya cinye gadar hanyarmu, mota ba ta shigo ba sai yau, takardunki tare suka zo. Ban yi fushi da ke ba sai da na karanta su.

Ajiye duk abin da ke hannunki. Ɗauki Tsigi ki fita daga gidan nan yanzu, ba gobe ba. Ki kai ta babban asibiti, ba kemis ba, ki ce wa likita da bakinki: ta tsotsi harsashi, ta shaƙi ƙurar filin harbi, a gwada dalma a jininta. In ya ce zazzaɓi ne, ki maimaita. In ya ce ki dawo wani mako, ki zauna a ƙofarsa. Ku ma a gwada ku.

Tukunyar nan kada a ɗora ta. Hayaƙin dalma ya fi ƙurarta sharri. Ki gaya wa mijinki in ya hura wutar nan, ba ni ba shi har abada. Masu narkarwar da na ce, ma'aikata ce mai matatar hayaƙi, ba tsakar gida da gawayi ba.

Innalillahi! Wa ya ce ku tankaɗe? Harsashin da ido ke gani shi ne mai sauƙin. Wanda ya ruɓe ya zama gari, shi ne ya bi ta ragarku ya koma ƙasa, shi kuka busar kuka tayar, yarinya na tsaye a ƙarƙashi. Me kike tsammani nake yi da tiyo wuni guda? Ruwan nan shi ke danne ƙura. In tiyona ya tsaya, inji tsayawa yake yi, ko Injiniya ba ta isa ta ce a ci gaba ba. Da kun bar ƙasar yadda take, da ya fi abin da kuka yi da hannunku.

Kada ki ƙara sa tsintsiya a gidan. Alayyafo da tumatir kada wanda ya ci. Rariyar kicin ta tashi daga aiki. Ki yi wa yarinya wanka, ki yanke mata farce, ki sa mata kayan da ba su kwana a gidan ba, ku koma wajen Yaya.

Wani abokin aikina zai fita da babur ta hanyar daji, na roƙe shi ya miƙa miki wannan hannu da hannu. Allah ya sa ya riga wutar.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Daga asibiti nake rubuto maka, a kan gwiwata, ka yi haƙuri da rubutun.

Mutuminka bai riga wutar ba. An narkar da rabin bokiti. Na kulle Tsigi a ɗaki don kada ta ƙone, taga kuwa a buɗe, iska na kaɗa hayaƙin ciki. Washegari da hantsi ina ba ta ruwa sai ta sandare a hannuna, ido ya juye, jiki na fizga. Ina tsakiyar titi ba takalmi ina neman mota, mai babur ɗinka ya tsaya yana tambayar gidan tela. Shi ya kawo mu. A bakin gadonta na buɗe takardarka, na karanta wa likita abin da ka ce in faɗa. Ba ta ce zazzaɓi ba. Ta dube ni, ta sa a ɗebi jini nan take.

Sakamako ya fito, ta ce ya zarce abin da ke sa su kwantar da yaro nesa ba kusa ba. Sun fara ba ta maganin da ke kamo dalma ya fitar da ita ta fitsari. Fizgar ta tsaya, alhamdu lillahi. Tana buɗe ido, tana riƙe yatsana, amma ba ta ce komai ba tukuna. Mu ma an same ta a jininmu, na maigidan ya fi nawa.

Yanzu bari in faɗa maka abin da ke raina, ko da rashin kunya ne. "Abin da kuka yi da hannunku." Na karanta layin nan har takardar ta yi laushi. Kana tsammani ban sani ba? Ni na ce a shanya ƙasar. Ni na girgiza raga a kanta ina dariya. Amma kai ma, Kawu, rariya ka yi wa dogon bayani, ruwan kuwa ka mai da shi abin barkwanci, wai Mai Lambu. Ni tela ce. In na ba mai koyo yadi na ce ta yanka, ban gaya mata ta bar wurin ɗinki ba, laifin ba nata ne ita kaɗai ba.

Maigidan ko abinci ba ya ci. Jiya ya ɗauki shebur zai je ya kwashe ƙasar shi kaɗai ya watsar a bola. Na sha gabansa na kulle gidan, makullin yana ɗaure a bakin zanena. Na ce ba wanda zai ƙara taɓa ƙasar nan da ka. Likita ta ce maganin banza ne in yarinya za ta koma inda ta kwaso abin, ba za ta sallame ta zuwa gidan nan ba.

To ka faɗa mana yadda ake yi. Wannan karon kada ka bar komai, ko da direba zai fasa hon ɗinsa.

'Yarka

*

'Yata,

Assalamu alaikum. Ya jikin Tsigi, ya naku? Allah ya tashi kafaɗunta. Ni lafiya, mai babur ya dawo ya ba ni labari.

Kin yi gaskiya, ba rashin kunya ba ce. Na saba da ruwan nan har na manta shi ne aikin. Layin da ya soke ki kuma tsoro ne ya sa na rubuta shi, ki yafe wa tsoho. Kulle gidan da kika yi, Injiniya da kanta ta ce a gaishe ki.

Na kai mata takardunki. Ta sanar da ofishin kula da muhalli na yankinku, za su turo masu awo, su kuma rufe filin can kafin wata tifar ta shiga. Mijinki ya raka su, ya faɗa musu duk inda ya san an kai ƙasar. Ba aikin mutum ɗaya ba ne, amma ki san yadda ake yi don ki tsaya a kansu.

Za su zo da wata na'ura kamar bindigar wasan yara, a ɗora bakinta a ƙasa ta faɗi yawan dalma. A auna tsakar gida, da bakin ƙofa, da inda aka hura wuta. Kafin shebur ya taɓa ƙasa, ruwa. Ba har ya gudu gidan maƙwabta ba, daidai yadda in kin damƙa za ta dunƙule. In kin ga ƙura ta tashi ko kaɗan, ki ɗaga murya a tsaya. A kwashe duk wadda ya zuba, a ƙara da ta asalin da ke ƙarƙashi, har na'ura ta ce ya isa. Tifa a rufe ta da tamfol, a wanke taya kafin ta hau titi. Ba bola za ta ba. Akan gauraya ƙasar da wani sinadari mai ɗaure dalma don kada ruwa ya ja ta, a binne a rami na musamman mai shimfiɗa. Bokiti da tukunya su bi su. Sannan a zuba sabuwar ƙasa, ita ma a auna ta tun tana kan mota, ko wa ya kawo ta, ko da liman ne.

Ɗaki kuma naki ne. Jiƙaƙƙen tsumma, daga sama zuwa ƙasa, bango, taga, ƙarƙashin gado, cikin keken ɗinki, ruwan kuma ki riƙa canza shi. Katifa da duk abin da ba ya wankuwa, ki rufe ido ki bar su su tafi. Ɗinkin mutane ki wanke kafin ki mayar, ki gaya musu dalili. Ki sa takunkumi da safar hannu, kayan aikin kada su je gidan Yaya. In an gama a sake aunawa, har cikin ɗaki.

Mijinki a ba shi tiyo ya riƙe, kada zaman banza ya cinye shi. Tsigi a ba ta ƙwai da madara da wake in ta karɓa, cikin da ba komai ya fi jan dalma. Ki rubuto mini duk abin da likita ta ce, mai daɗi da marar daɗi.

Kawunki

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Inna na gaishe ka. Mun dawo gida.

An yi aikin yadda ka ce. Na tsaya a kan masu awo har ɗayansu ya tambaya ko ni ce shugabar. Da ƙura ta ɗan tashi na kurma ihun da ya fito da unguwa. Maigidan ya riƙe tiyo har hannunsa ya kumbura, bai yarda ya miƙa wa kowa ba. An auna sabuwar ƙasa a kan mota, an auna ɗaki, na'ura ta ce lafiya.

Dalmar jinin Tsigi ta sauka, ba duka ba, za mu riƙa komawa gwaji. Tana ci, tana tafiya da dafa bango, ta fara gwaranci. Na tambayi likita ko za ta dawo yadda take. Ka ce in rubuto marar daɗin ma. Ta ce magani na fid da wadda ke jini, amma abin da ta riga ta taɓa a ƙwaƙwalwa ba mai iya auna shi yanzu, sai yarinya ta girma ta shiga aji za a gani. Ke nan shekaru zan yi ina kallon 'yata ina tambayar kaina. Na yi kuka a gaban likitar, ban ji kunya ba.

Ga abin da ban shirya masa ba. Tun da aka sallame mu zuwa gidan Inna, ban bar ƙafarta ta taɓa ƙasa ba. In ta miƙa hannu sai in buge shi, in daka mata tsawa. Ranar da muka dawo na sauke ta a tsakar gida na ce yi wasanki. Kawu, sai ta naɗe ƙafafu sama, ta maƙale wuyana tana ihu kamar a wuta zan jefa ta. Washegari ma haka. Na ce mata babu komai, ta dubi fuskata ba ta yarda ba, don ni ma da takalmi nake tsaye.

Yau da safe babanta ya ce in bar masa. Ya cire takalmi, ya cire hula, ya kwanta rigingine a tsakar gida, ƙato da shi, cikin rigarsa ta fita. Ya ce in ɗora masa ita a ƙirji in koma shago. Na koma, amma a bayan labule na tsaya. Ta daɗe a kansa ƙanƙame da riga. Shi ko motsi bai yi ba, rana na dukansa, yana wasa da ƙasa da hannu ɗaya kamar bai san tana kallo ba. Can sai ta zuro ƙafa ɗaya, ta taɓa, ta janye. Ta sake zurowa. Sannan ta waiwayo tana neman inda nake, hannu a ɓoye a baya, tana jiran tsawa.

Na cusa yadin da ke hannuna a baki na cije, ban fito ba. Ta sauka, Kawu. Tana can zaune kusa da shi, hannu biyu cikin ƙasa, ni kuma ina nan ina rubuta maka don kada in tashi in je in ɗauke ta.

'Yarka,
Tela